Kaka Ya Tare Mashigi

Ranar Alhamis, goma sha biyu ga watan Yuni na shekarar 2003, wato shekara ɗaya da kwana ashirin da uku bayan Timor ta Gabas ta karɓi mulkin kanta, da ƙarfe tara saura kwata na safe, wata tsohuwar jif mai ruwan toka ta tsaya a bakin kogin Lakuwai, can gaɓar kudu. Agogon motar ya nuna kilomita ɗari biyu da ashirin da takwas daga Dili, babban birnin ƙasar, kuma sai da aka kwana biyu a hanya, aka yi faci uku, kafin a cinye su. Mutum biyu ne a cikinta: direba, Evaristo Cabral, mai shekara arba'in da ɗaya, da baƙon da ya ɗauko, Sinyor Hisamatsu, tsohon malamin makaranta daga ƙasar Japan, mai shekara sittin da takwas. Gadar da suka zo hawa ƙafa biyar gare ta. Uku ne a tsaye. Ambaliyar watan Mayu ta tafi da biyu, ta bar shimfiɗar a karye, bakinta cikin ruwa, kuma labarin bai kai Dili ba.

Abin da ya kawo baƙon ba mai yawa ba ne. Mahaifinsa yana cikin sojojin da suka sauka tsibirin a watan Fabrairu na 1942. Zazzaɓi ya kashe shi a watan Agusta na 1944 a Nunumera, ƙauyen da ke ƙetaren kogin nan, mutanen ƙauyen suka binne shi duk da abin da sojojin suka yi musu. Hisamatsu yana da shekara tara a lokacin. Yanzu ya zo da kwalbar ruwan rijiyar gidansu da ɗan ƙullin shinkafa, zai zuba a kan kabarin. Shekara biyu ya yi yana koyon harshen Fotugal daga littafi saboda wannan tafiya, shi ya sa in ya buɗe baki sai ka ce wasiƙa ake karantawa. Na Evaristo kuwa na aji huɗu ne a makarantar mishan. Da haka suka lallaɓo hanya.

Evaristo ya kashe mota, amma bai saki sitiyari ba. Saboda gadar ya karɓi aikin nan. Ya lissafa cewa zai ƙetare Lakuwai a sama, gilashi a rufe, cikin daƙiƙa goma, ba tare da ya dubi ƙasa ba.

Babu ɗan tsibirin nan da zai kira kada da sunansa a bakin ruwa. Kaka ake cewa, domin daga bayansa ƙasar ta fito, kuma tun yaro yana goye ake gaya masa cewa Kaka ba ya taɓa jikansa sai wanda ya yi masa laifi ya ɓoye. Evaristo ya yi, ya kuma ɓoye. Bayan dutsen Matebian ya faɗa hannun sojojin Indonesiya a ƙarshen Nuwamba na 1978, an koro dubban mutane zuwa gaɓa, aka tsare su a sansanoni, ba gona ba kasuwa. Ɗaya daga cikin sansanonin a nan yake, daidai filin da motar ta tsaya. A watan Fabrairu na 1979 ana binne mutum uku zuwa huɗu kowace rana. A cikin watan ne yayansa Zeferino ya gano sheƙar Kaka a duhuwar bakin kogi, tarin ruɓaɓɓen ganye mai ɗumi. Su biyu suka tona, suka kwashi ƙwai goma sha tara, suka dafa a gwangwani cikin daji. Suka ci, suka kai wa mahaifiyarsu, wadda ƙafafunta suka riga suka kumbura, suka ce mata na kunkurun teku ne. Ta ci, ta rayu. A watan Oktoba na 1981 Zeferino yana jefa raga a ruwan da bai wuce gwiwa ba, da rana tsaka, mutane na kallo, ruwa ya buɗe ya rufe. Ragar kaɗai aka samu. A makon nan Evaristo ya ɗare motar katako ya gudu Dili, kuma kusan shekara ashirin da biyu ƙafarsa ba ta taɓa kogi ko teku ba. Ran Lahadi in ya kai iyalinsa bakin teku, a mota yake zama, matarsa tana yi masa tsiya wai kaza ta aura. Ita ma ba ta sani ba.

A ƙarƙashin wata rumfar ganyen kwakwa, gefen gadar, wani tsoho yana zaune, bakinsa ja wur da bua, irin goron da suke taunawa a can, ga maza uku suna ɗaure kaya. Tun da gada ta karye aka koma tsohon mashigin ƙafa, mashigin kuwa a hannun tsohon nan yake, Lekirai, kamar yadda ya kasance a hannun ubansa kafin a yi gada. Mafi girman jiki cikin mazan, surukin tsohon, Tomé, shi ya zo ya leƙa tagar mota.

"Sannu da zuwa, ɗan Dili. Motar taka tana iyo ne, ko goya ta za mu yi?"

"Babu wata hanya?" in ji Evaristo.

"Akwai mana. Ka bi ƙafa ka hau tudu, awa shida. In ka isa gobe ka gaishe su." Ya juya wajen rumfa. "Baba, an kawo mana malae! Tsoho ne, ba nauyi, da hannu ɗaya zan ɗauke shi."

Malae suke kiran duk wanda ya fito daga ƙetaren teku. Da aka gaya wa Lekirai kabarin da baƙon yake nema, ya gyaɗa kai, ya ce ya san shi, a gindin tsamiya yake bayan coci, kuma malamin cocin yana jin harshen Fotugal. Sa'an nan ya miƙe ya yi abin da ake yi. Ya tauna sabon goro da ganye da farar ƙasa, ya lakato jan ruwan da yatsa, ya shafa a goshin kowane mai shiga, ya fuskanci kogi ya ce, "Kaka, jikokinka ne za su wuce. Ga baƙo tare da su, ba shi da komai da kai." Kowa ya faɗi sunansa da ƙarfi. Hisamatsu ma ya faɗi nasa, har da sunkuyawa. Tsohon ya miƙo jan yatsansa wajen Evaristo.

Evaristo ya ja da baya. "Ni a nan zan tsaya, Kawu. Zan yi gadin mota."

Tomé ya fashe da dariya. "Wa zai saci wannan akwalar? Ko akuya ba ta kalle ta ba. Ka dai ce tsoron jiƙa wandon Dili kake yi."

Lekirai bai yi dariya ba. Ya dubi fuskar direban fiye da yadda ya kamata, sa'an nan ya goge yatsansa a zane.

Zafi ya riga ya taso. Hisamatsu ya tuɓe kwat ɗinsa, ya ninke ta a tsanake, ya ajiye a kujerar gaba, ya rungume kwalbarsa da ƙullinsa, Tomé ya saɓa shi a wuya. Faɗin mashigin, kamar yadda masu awo suka rubuta daga baya, mita saba'in da ɗaya ne, da wani tudun yashi a tsakiya. Ruwan a cinya yake, kore, yana tafiya a hankali. Da ƙarfe tara da rabi sun haye, suka shige hanyar ƙauye.

Evaristo ya koma mota ya ja gilashi. Awa uku da rabi ya yi a ciki, gumi na zuba, bayansa ga kogi. Da tsakar rana tsohon ya ƙwanƙwasa masa taga ya kira shi cin dafaffen rogo da yaji, bai iya ƙi ba, ya fito ya zauna a can ƙarshen rumfa. Mata huɗu 'yan Nunumera sun iso daga kasuwa da kwandunansu, suna jiran mazan su dawo su kama musu kaya. Can arewa kuwa hadari ya rufe kan Matebian baƙi ƙirin, kuma ruwan kogin ya fara komawa ruwan ƙasa, yana ɗauko ganye da ƙananan rassa. Lekirai yana yawan duban wani baƙin dutse da ke cikin ruwa kusa da gaɓa.

"In ruwa ya rufe kan dutsen can," ya ce, "ba mai shiga sai bayan kwana uku. Malae ɗinka ya hanzarta."

Da ƙarfe ɗaya da minti goma ɗaya daga cikin matan ta ajiye lomarta ta dafe ƙirji. Babu wanda ya yi ihu. Kaka ya fito kan tudun yashin da ke tsakiyar mashigi, a natse, yana jan ciki, ruwa na zuba daga bayansa. Tsawonsa ya kai gaba biyu da rabi. Ya juya, ya fuskanci rumfar, ya buɗe baki ya bar shi a buɗe.

Evaristo ya ajiye rogon da ke hannunsa.

Lekirai ya tashi, ya yanko ganyen kwakwa, ya ɗaura a sanda, ya kafa ta a bakin mashigi. Kowa a wurin ya san ma'anarta. In Kaka ya kwanta a kan hanya da rana tsaka, magana ce gare shi da wani, kuma babu mai sa ƙafa a ruwa sai wanda ake nema ya bayyana kansa. A 1996, tun akwai gada, ya taɓa kwanciya haka a wurin wankin mata, aka rufe kogi kwana tara, har wani ya amsa cewa shi ya zuba guba a ruwa don kifi.

Matan suka fara kallon juna.

"Ni dai ban yi komai ba. Ran Lahadi na je coci wurin fada, na faɗi zunubaina na wanke kaina."

"Ke ɗin? Wanke kan da ake yi da rabin baki? Ina kazar maƙwabciyarki?"

"Kaka ba ya tasowa don kaza, uwar sharri. Ki tambayi mijinki inda yake jefa fatar alade."

"Ku rufe mana baki," in ji tsohon. "Yana jin ku."

Ana cikin haka aka ji ihu daga ƙetare. Tomé ne, ya kewaye baki da hannu biyu, bayansa mutane ɗauke da wani abu a kan ƙyauren ƙofa. Suka sauke shi a gaɓa. Farar riga ce, da ɗan ƙaramin jiki a cikinta, a zaune, a dunƙule.

"Ɗan Dili! Malae ɗinka ba ya numfashi! Hayaƙin ɗaki ne ya shaƙe shi! Yana nuna aljihu! Wai magani na cikin rigarsa!"

Evaristo ya ruga mota. A aljihun kwat ɗin ya samu abin, ɗan shuɗin bututun feshi, wanda ya ga baƙon yana shaƙa sau biyu a hanyar Baucau, ya ce masa ciwon fuka ne tun yarinta. An karɓe shi a Nunumera yadda ake karɓar baƙo mai daraja, a babban ɗakin kakanni, inda wuta ba ta mutuwa kuma babu taga, shi kuwa don ladabi ya zauna har ƙirjinsa ya rufe.

Ya dawo bakin ruwa da bututun a hannu, ya tsaya taku biyar daga gaɓa.

"Tomé! Zo ka karɓa!"

"Kana ganin Kaka a kwance ka ce in shigo? 'Ya'yana biyar! Ba ka ga sandar Baba ba ne?"

Evaristo ya tsuguna ya ɗauki dutse, yana neman abin da zai ɗaure shi da bututun ya jefa ƙetare. Lekirai ya riƙe masa hannu.

"Jifa za ka yi ta kan Kaka? Kuma in ya faɗa ruwa, wani gare ka?"

"To a aika ta tudu!"

"Awa shida. Dubi mutumin can ka gaya mini ko yana da awa ɗaya."

Ko daga nan ana ganin yadda kafaɗun baƙon suke ɗagawa suna faɗuwa, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Evaristo ya dubi baƙin dutsen. Yatsa huɗu ya rage ruwa ya rufe shi. Ya dubi tudun yashi. Kaka bai motsa ba, kuma a ganin Evaristo ba rumfa yake kallo ba, ba matan ba. Ya tuna cewa shi ya ɗauko mutumin nan daga filin jirgi, shi ya ce masa hanya lafiya lau take, kuma mutumin bai taɓa cin komai na kowa a ƙasar nan ba. Ya durƙusa gaban tsohon.

"Kawu, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni yake nema."

Ya faɗa duka: sansanin, sheƙar, ƙwai goma sha tara, gwangwanin, ƙaryar da suka yi wa uwarsu, ragar da aka samu. Ɗaya daga cikin matan ta tofar da yawu gefe ta ce, "Ka zauna kana cin rogo da mu, mu muna ta tonon silili a banza."

"Ashe kai ne ƙanen mai raga," in ji Lekirai. "Ina tsaye a nan ranar. Shekara ashirin da biyu muna tambayar abin da yaron nan ya yi, yaro mai ladabi. Har an zargi uwarku."

"Yunwa ce, Kawu."

"Ni za ka gaya wa yunwa? Mutum huɗu na binne daga gidana a shekarar, a filin da ka ajiye motarka. Kaka ma ya san yunwa ce, yana nan, ya gani. Abin da bai gani ba shi ne zuwanka ka faɗa." Ya nuna kogi da haɓa. "Ba ni za ka gaya wa ba. Tashi."

"In na faɗa zai bar ni?"

"Ban sani ba, ɗana. Ni mai tsaron hanya ne, ba ni ne shi ba."

Evaristo ya tashi, ya tsaya a bakin ruwa, ya faɗi sunansa da na ubansa da na Zeferino, ya faɗi shekara da wata da yawan ƙwan. Muryarsa ta ƙetare kogin. Tsohon ya shafa masa ja a goshi, ya ɗaura masa zaren ganyen kwakwa a wuyan hannu, ya zare sandar da ya kafa. Matar da ta tofar da yawun ita ce ta kwance ɗankwalinta, ta nannaɗe bututun cikin leda, ta ɗaure masa shi a tsakar ka, tana yi tana ƙunƙuni.

"Ka kewaye tudun ta ɓangaren da ruwa ke fitowa," in ji Lekirai. "Kar ka yi gudu. Kar ka bugi ruwa. Kar ka dube shi cikin ido. In ka ji wani abu a ƙafarka, kar ka yi shuri. Ka riƙa magana, ya ji muryarka."

Ya tuɓe takalmi. Ruwan ya fi yadda ya zata sanyi, domin daga dutse yake saukowa, kuma yashin yana zamewa ƙarƙashin tafin ƙafa. Ya soma ƙirga taku, don ƙirgar ce kaɗai ta hana shi juyawa. A taku na ashirin ruwa ya kai cinya. A na talatin da biyar ya kai ƙugu, yana tura shi gefe, wajen tudun. Yana cewa, "Kaka, jikanka ne, Kaka, jikanka ne," addu'ar coci tana shiga tsakani ba da saninsa ba. A na arba'in da takwas ya yi daidai da tudun yashi. Bai duba ba, amma gefen idonsa ya ɗauko masa abin, bai fi taku goma sha biyu ba: farin cikin baki, da wata tsohuwar tsaga a kan hanci. Yana jin warinsa, warin ruɓaɓɓen ganye mai ɗumi, irin na sheƙar nan.

Sai ya ji ƙara, kamar an rufe murfin akwati. Kaka ya rufe baki. Da Evaristo ya kasa daurewa ya juya kai, babu komai a kan tudun sai sawun ciki da ya gangara cikin ruwa. Ruwan kuwa ruwan ƙasa ne, mutum ba ya ganin hannunsa a ciki.

Ƙafafunsa suka kafe. Ya daina ƙirga, ya daina magana. Yana tsaye a tsakiyar Lakuwai, ruwa a cibiya, yana kallon kowace kumfa da kowane reshe. Ta bayansa matan suna kiran sunayen waliyyai. Ta gabansa babu mai motsi.

"Tafi!" Muryar tsohon ce. "Wa ya ce ka tsaya? Tafi, ɗan banza, ka yi magana!"

Ya ɗaga ƙafa. Bayan tudun ne zurfin yake. A taku na sittin ruwa ya kai ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya dafe ɗankwalin da hannu ɗaya. A na sittin da bakwai wani abu ya taɓa shi. Ya zo ta dama, ƙarƙashin ruwa, mai nauyi, mai kaushi, ya gogi cinyarsa, ya ci gaba da gogawa, yana wucewa, yana wucewa, kamar ba shi da ƙarshe. Evaristo ya ji ɗumin fitsarinsa cikin sanyin kogi. Bai yi shuri ba. Ba jarumta ba ce, jikinsa ne ya mutu a tsaye. Bakinsa kaɗai ke aiki, kuma abin da ya ji yana faɗa ba addu'a ba ce, sunan yayansa ne.

Abin ya wuce. Ya jira haƙora su biyo baya, ya ƙirga numfashi uku, ba su zo ba. Ya sake taku.

A na casa'in ruwa ya koma ƙugu. Tomé, wanda ya rantse da 'ya'yansa biyar, ya shigo har gwiwa, ya miƙo masa doguwar gora, yana ihu, "Kama, ɗan Dili! Kama mana, kai da Allah!" Ya kama. A taku na ɗari da goma sha shida ya faɗi a kan tsakuwa, ya yi rarrafe har wurin ƙyauren.

Leɓɓan Hisamatsu sun yi shuɗi, idanunsa sun firfito, numfashinsa yana fita da siririn fito. Hannun Evaristo ya kasa kwance ƙullin ɗankwalin, sai malamin coci ya yanke shi da wuƙa. Baƙon ya karɓi bututun da hannu biyu, ya shaƙa, ya jira, ya sake. Mutum sama da talatin suna tsaye suna kallonsa. Sai da aka yi minti goma sha biyar kafin kafaɗunsa su sauka, fiton ya yi ƙasa, jini ya dawo masa fuska. Ya dubi direbansa, jiƙe sharkaf, goshi ja, jini na bin ƙafarsa. Ya tattaro kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, irin na littafi.

"Ina neman gafara bisa wannan ɗawainiya. Amma, Sinyor Evaristo, ka bar motar babu mai gadi."

Tomé ya tambayi abin da ya ce, malamin coci ya fassara, gaɓar ta kaure da dariya. Evaristo ya yi ƙoƙarin yi tare da su, sai ya juya ya amayar da rogon.

Da ƙarfe biyu da minti ashirin ruwa ya rufe kan baƙin dutsen. Matan kasuwa suka kwana uku a rumfar Lekirai, direba da baƙonsa suka kwana uku a Nunumera, a ɗakin ajiyar coci mai taga biyu. Baƙon ya riga ya zuba ruwansa da shinkafarsa a gindin tsamiya kafin ciwon ya tashi, kuma har ya bar ƙasar bai fahimci dalilin da ya sa mutanen ƙauyen suke zuwa kallon direbansa ba. Evaristo bai gaya masa ba. Raunin cinyar ƙujewa ce mai tsawon taƙi guda da rabi. Tomé ya ce gungume ne, ya ga irinsu uku sun wuce a lokacin. Lekirai, da ya duba ranar Lahadi, ya ce bai taɓa ganin gungumen da ke barin layi biyu a jere ba. Evaristo bai zaɓi ko ɗaya ba.

Sun hayo ranar Lahadi, goma sha biyar ga wata, bayan an tashi daga coci, ruwa a gwiwa. A tsakiyar hanya, bisa umarnin tsohon, Evaristo ya jera ƙwan kaza goma sha tara a kan tudun yashi, ɗaya ya suɓuce masa ya fashe, aka koma ƙauye aka kawo wani. Motar tana nan inda ya bar ta, akuya ta cinye robar madubi ɗaya.

Sinyor Hisamatsu ya tashi daga Dili ranar Alhamis, goma sha tara ga Yuni. Lekirai ya rasu a damina ta 2005. An buɗe sabuwar gada a kan Lakuwai a rani na 2006, mai ƙafa bakwai, kuma tun daga ranar ba a sake ƙetare mashigin da ƙafa ba.